Lissafin Daren Laraba a Arequipa

Tara ta gota, asibiti ya yi tsit,
sai kukan firji da tarin tsohuwar fanka.
Ta taga, dutsen Misti ya yafa ƙanƙara a kafaɗa
kamar dattijon da ba ya son tambaya.
Ni, Eufemia Ccallo, shekara sha tara a ɗakin gwajin nan,
ina jera kwalabe ɗari da sha biyu.
Babu suna a jikinsu. Lamba kawai.

Amma na ga masu su da safe a kan benci.
Direban tasi da ya yi ta murza hularsa
har ta kusa komawa igiya.
Mai sayar da cuku a kasuwar San Camilo,
ta zo da kwandonta don maƙwabta su ce talla ta fita.
Ɗalibi mai jakar goyo, wai abokinsa yake yi wa tambaya.
Abu guda ya tara su:
tusar jaki a inda rana ba ta leƙawa,
'yar mitsitsiya, mai kan farin kabeji,
a zuci kuwa ta fi buhun dankali nauyi.

Na'ura ba ta san kunya ba.
Ta lashi auduga, ta tofo amsa.
Shida.
Shida.
Sha ɗaya.
Shida kuma.
Ƙwayar papiloma gida ce mai dangi fiye da ɗari,
amma 'yan biyun nan su suka cika min shafi,
masu baki, masu son a gan su,
suna buga ƙofar fata har mai gida ya rasa barci.
Likita zai ƙona, zai daskarar, zai shafa magani,
wani sa'in su koma kamar haki bayan yayyafi.
Suna cin mutunci. Ba kasafai suke cin rai ba.

Kwalba ta sittin da huɗu ta tsayar da alƙalamina.
Shida, sannan a bayanta, a laɓe,
sha shida.
Macijin ƙaiƙayi.
Wannan ba ta tsiro, ba ta ƙaiƙayi, ba ta sallama.
Sai ta sami bakin mahaifa ta shimfiɗa tabarma,
ta yi shekaru tana jira.

Haka ta yi wa gwaggona Casilda,
wadda ba ta taɓa ganin ko ƙurji ba.
Tana saƙa rigunan ulu a Cayma
har ranar da jini ya riga ta magana.
Mun binne ta da rabin hannun riga a kan allura.

Ban san ta kwalbar nan ba.
Ko mai cukun ce, ko wadda ta sa jan takalmi.
Na ja layi biyu a ƙarƙashin lambarta,
na rubuta: a kira ta, a duba ciki, kar a jira.
Abin kunyar da ya kawo ta
wataƙila shi ne ya yi mata rana.

Dakta Huamaní na son jadawali ran Juma'a,
kashi kaza cikin ɗari, maza dabam, mata dabam.
Zai samu.
Sai dai babu gurbi a jadawalin
na hular da aka murɗe,
ko na shirun da miji da mata za su ci da tuwon dare
kowa na lissafin shekarun da ba a faɗa masa ba,
alhali ƙwayar ba ta riƙe kwanan wata.

Na kashe fitila, na bi ta gefen fararen katangu.
A gida, ƙarƙashin gwangwanin gishiri,
takardar makarantar Sulma tana nan kwana tara:
allurar rigakafi, sa hannun uwa.
Shekararta goma. Tana barci da safa ɗaya.
Na goge maiƙon da ya ɗiga a kan layin,
na nemi biro, bai yi ba,
na hura masa numfashi,
ya yi.